Zauren Gyaran Hoto: "Manhaja Ta Goge Billen Babana"

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙu sun taru a hannuna tun bayan ƙaramar Salla, don haka yau ba zan yi doguwar shimfiɗa ba. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan a ajiye. Roƙona ɗaya ne, kuma na sha maimaita shi: in za ku turo hoto in duba, ku haɗo da na asali, wanda ba a taɓa ba. Ba na gane inda aiki ya karkace sai na ga inda ya faro.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne, a waya nake gyaran hoto don sha'awa. Na ɗauki ƙanena a tsakar gida, na yanke shi, na ɗora shi a kan doki cikin wani hoton Hawan Daushe da na ɗauka a Ƙofar Kudu. Kwana biyu na yi ina bin gefen jikinsa, amma duk wanda na nuna wa sai ya ce "ai wannan haɗi ne." Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Gwammaja, Kano.

AMSA: Ƙanena, na buɗe hotunan a kwamfuta na ƙura musu ido. Yankanka ba shi da laifi, har bakin hular ka bi a tsanake, kuma na yaba. Abin da ya tona maka asiri rana ce.

Hawan Daushe da la'asar ake yin sa. A hotonka rana ta riga ta karkata yamma, haskenta ya yi ja-ja, yana bugun mahaya daga gefe guda, inuwar dawakai ta miƙe doguwa a ƙasa, ga ƙura ta turnuƙe ta dusashe komai. Shi kuwa yaron da tsakar rana ka ɗauke shi. Dubi ƙasan hancinsa da kwarmin idonsa, baƙi ƙirin. Dubi saman hularsa, fari fat. Rana biyu ke nan a hoto ɗaya, wata a tsakiyar sama, wata tana shirin faɗuwa. Mutum ko bai taɓa riƙe kyamara ba, tun yana goye yake kallon haske da inuwa. Ba zai iya faɗa maka abin da ya gani ba, amma zuciyarsa ta riga ta ƙi.

Kawuna yana da shagon hoto a Zariya zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu. Da na fara zama wurinsa lokacin hutun makaranta, bai bari na taɓa kyamara ba. Buta ya ajiye a tsakar gida, ya miƙo mini gawayi, ya ce in riƙa zana inuwarta a ƙasa da hantsi, da azahar, da la'asar, da almuru. Mako guda ina yi. A nan na ga cewa inuwa kala-kala ce ko a jikin abu ɗaya. A gindin butar, inda ta taɓa ƙasa, ta fi duhu, bakinta kuma a yanke yake. Tana nisa tana laushi tana bajewa. Har yau da darasin wannan butar nake aiki.

Kada ka wahalar da kanka wajen juya hasken fuskar yaron da manhaja, ba zai yi ba. Sake ɗaukar sa. Jira la'asar, ka fita da shi fili, ka zaunar da shi a kan gajeriyar katanga ko ganga, ƙafa ɗaya nan ɗaya can kamar mai hawa, ka yi ta juya shi har rana ta bugi kuncin da take bugu a fuskar mahayan. Sannan ka tuna inda kake tsaye ranar hawa. A ƙasa kake, kana ɗaga kai kana kallon masu doki. To shi ma durƙusawa za ka yi ka ɗauke shi daga ƙasa. A wanda ka turo ana ganin tsakiyar hularsa, alhali waɗanda ke kusa da shi ƙasan haɓarsu ake gani.

In ka ɗora shi, buɗe sabuwar leya, wato wani falle a saman hoton da za ka yi fenti a kai ba tare da ka taɓa na ƙasa ba. Inda cinyarsa ta haɗu da sirdi ka shafa siririyar inuwa. Kada ka yi ta da baƙi zalla, ɗebo launinta daga inuwar da ke ƙarƙashin wani mahayin. Igiyar linzami ta bi ta gaban hannunsa, likkafa ta rufe ƙafarsa. Abin da ya kamata ya shiga gabansa ya shiga, kada ya zauna a saman komai kamar sitika. Gefen jikinsa kuma ya yi kaifi da yawa, kamar an yanka da reza, ɗan lausasa shi. Daga nan ka ba shi rabonsa na ƙura: leya mai launin ƙasa-ƙasa, ka rage ƙarfinta zuwa kashi 10 ko 15 cikin ɗari, ta lulluɓe shi da dokin tare. Kafin ka nuna wa kowa, mayar da hoton baƙi da fari na ɗan lokaci, ka ƙanƙanta shi ya koma kamar kan sarki. In yaron ya fi kowa haske ko duhu, nan take za ka gani.

Kalmar "haɗi" kuma kada ta kashe maka gwiwa. Haɗi ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1857 wani mai hoto a Ingila, Oscar Rejlander, ya haɗa hoto ɗaya daga nagetif, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, sama da 30. A yau akwai Erik Johansson, ɗan ƙasar Suwidin, mai haɗa hotunan da hankali ya san ba za su yiwu ba, kamar mutum yana jan kwalta a bayansa tana shimfiɗuwa kamar tabarma, amma ido ya yarda. Shi a takarda yake fara zana abin, sannan ya fita ya ɗauki kowane yanki da kansa, da haske iri ɗaya da tsayin kyamara iri ɗaya. Yi hakan, ka sake turo mini.

TAMBAYA: Wace manhaja ce ta fi? Abokina ya ce in ba Photoshop ba duk wasan yara ne, kuma akwai mai saka mini na sata a kwamfuta a kan kuɗi kaɗan. Daga wani matashi a Bauci.

AMSA: Photoshop babba ce, ba musu. Wasu 'yan'uwa biyu ne, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙire ta, kamfanin Adobe ya fitar da ita a 1990, kuma tun 2013 haya ake yi ana biya wata-wata. Amma ta satar nan ka bar ta. Haƙƙin wani ne, sannan irin waɗannan kwafin sukan zo da ɓoyayyen abu mai kwashe lambobin sirri, kai kuma a wannan kwamfutar kake shiga bankinka.

Akwai Photopea, a shafin intanet ake buɗe ta kyauta, tsarinta kusan iri ɗaya da na Photoshop, har fayil ɗinta tana buɗewa. Akwai GIMP, wadda wasu ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley a Amurka suka fara a 1995, ita ma kyauta ce, kuma da zarar ka sauke ta ba ta buƙatar data. A waya, Snapseed ta ishe ka gyaran haske da launi, PicsArt kuma ga yanka da ɗora hoto kan hoto. Ka ɗauki ɗaya ka zauna da ita wata uku ba tare da ka leƙa wata ba. Cikin wata ukun nan ka naƙalci abin da suke kira Curves, wannan layin da ake lanƙwasawa a ɗaga haske a danne duhu. Yana nan a kusan kowace manhaja, kuma aikinsa ɗaya ne a ko'ina.

TAMBAYA: Malam, Allah ya saka da alheri. Mahaifina ya rasu ina ƙarama. Hotonsa ɗaya tal muke da shi, baƙi da fari, ɗan ƙarami, ya dushe, ga alamar ninki a tsakiya. Ɗana ya saka shi a wata manhaja mai fito da tsofaffin hotuna. Ya fito tas, har da kala, amma billen da ke kuncinsa ya ɓace, rigarsa kuma ta koma ruwan ƙasa. Da na nuna wa gwaggona sai ta kau da kai ta ce ba ɗan'uwanta ba ne. Ni kuma ina so in wanke shi babba in raba wa 'yan'uwa. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Wasiƙarki ce na fi daɗewa a kai, domin abin ya taɓa faruwa da ni.

Gaskiyar Gwaggo ce. Irin waɗannan manhajoji, su Remini da 'yan'uwanta, ba sa tono abin da ya ɓace a hoto, domin abin da ya dushe ya tafi. An nuna musu ɗimbin fuskokin mutane ne har suka koyi yadda ido da hanci da leɓe suka saba kasancewa. In aka ba su fuskar da ta dushe, sai su cike gurbin da abin da suka saba gani. Zato ne suke yi, zato mai kyan gani. A fuskokin da suka koya a kai ba kasafai ake samun bille ba, balle kalangu ko zanen Gobirawa. Da manhajar ta ga layi a kuncin Baba sai ta ɗauka ƙarzuwar takarda ce, ta share. Launin rigar ma haka. Hoton baƙi da fari bai ajiye labarin launi ba, rigar shuɗi da ta ja suna iya fitowa da duhu iri ɗaya, sai ta zaɓi wanda ta ga dama. A 2020 an yi ta magana a kan wata manhajar gwaji da aka ba hoton Barack Obama wanda aka dusashe, ta fito da fuskar Bature. Kin ga ke nan ko mutumin da duniya ta san fuskarsa bai tsira ba.

Ni hoton kakata na gyara, wadda ta haifi mahaifiyata. Na yi murna da yadda ya fito, na kai wa Umma a waya. Ta daɗe tana kallo, ta miƙo mini, ta ce, "Ina wushiryar Inna?" Na koma na duba na asali. Ga ta nan, ɗan siririn duhu tsakanin haƙoran gaba, manhaja ta toshe ta ta jera haƙora kamar na talla. Ni ban lura ba domin ban san Inna tana dariya ba. Umma kuwa da wannan wushiryar take tuna uwarta. Tun daga ranar ba na barin inji ya taɓa fuskar mamaci shi kaɗai.

Abu na farko, ki adana takardar hoton kanta. Kada a yi mata laminetin, zafi da gam suna lalata ta kuma ba a iya cirewa. Kada a goge ta da ruwa. In ta manne da gilashin firem, kada a ɓamɓare, fuskar za ta biyo gilashin, a ɗauke ta da gilashin nata. Ki saka ta a ambulan, a ajiye inda ba danshi ba rana.

Sai a kai shagon da ke da sikana, a ce su ɗauka a kan ɗigo 600 a kowane inci, ko 1200 tunda ƙarami ne, kuma a ɗauka da kala duk da cewa baƙi da fari ne, domin hakan yana sauƙaƙa raba tabo da ainihin hoto. A ajiye shi a matsayin PNG ko TIFF, wato nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin hoto. In ba sikana a kusa, ɗanki ya ɗora hoton a kan tabarma kusa da taga, a inuwa, ya kashe filas, ya goge gilashin kyamarar, ya riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba. Wannan kwafin na farko a ba shi suna, a tura wa mutum biyu ko uku a dangi, kada a taɓa shi har abada. Duk gyara a kan kwafinsa za a yi.

Wajen gyaran, ya fara da abin da ba fuska ba. Alamar ninki da ɗige-ɗigen da ke bango da riga, akwai maɓallin Healing a Snapseed da Photopea, yana ɗebo abin da ke gefe ya rufe tabo. Ya bi a hankali a kan aikin rigar, in aska biyu ce ko aska takwas kada ya murje zaren. Sannan ya ɗan ƙara duhun inda ya kamata ya yi duhu, domin yawancin abin da muke kira dushewa baƙin ne ya koma toka-toka. Sau da yawa wannan kaɗai yana dawo da rabin hoto.

In ya zo fuska, ga dabarar da nake yi. Ya ajiye na asali a ƙasa, ya ɗora wanda manhaja ta gyara a sama, ya daidaita ido da ido. Sai ya rage ƙarfin na saman zuwa kashi 30 cikin ɗari ko ƙasa da haka, yadda zai ba da ɗan kaifi kawai. Daga nan ya share na saman gaba ɗaya a kan kunci, da idanu, da baki, na asalin ya leƙo. Billen zai dawo inda wanzami ya yi shi. Hoton ba zai yi tas kamar wancan ba, zai ɗan yi hazo-hazo, kuma ina ba ki shawara ki karɓe shi a haka.

Batun kala, ni da za a bi ta tawa a bar shi baƙi da fari. In kuma dangi sun fi son kala, to Gwaggo tana raye, alhamdu lillahi. Ki je ki zauna da ita ki tambaye ta launin rigar, da na hular, da ko shi baƙi ne ko wankan tarwaɗa. Ɗanki ya saka launin da hannu bisa abin da ta faɗa. Kafin a wanke ko guda ɗaya a kai mata ta gani. Girman kuma kada ya wuce kima. Ɗan ƙaramin hoto in aka ja shi ya kai na bangon falo, babu abin da zai rage sai hazo. Inci 5 da 7, ko 8 da 10 in sikanin ya yi kyau, ya wadatar.

TAMBAYA: Yaya, ina gyara wa ƙawayena hotunan kamu da na dina, ba don kuɗi ba. Kusan kowace sai ta ce in haska ta. In na haska sai fuskar ta koma kamar roba, hannu kuma ya bambanta da fuska. Akwai hanyar da zai yi kyau? Daga wata budurwa a Gusau.

AMSA: Ƙanwata, abu biyu ne ake cakuɗawa a nan, kuma ina so ki raba su.

Sau da yawa ƙawarki tana da gaskiya, hoton ya fi ta duhu. Kyamara tana auna hasken wuri gaba ɗaya ne ta nemi tsaka-tsaki. In amarya ta saka farin leshi, ango yana cikin farar shadda, bayansu kuma ga fitilu, sai kyamara ta ga haske ya yi yawa ta rage, fuska ta nutse. Matsalar tsohuwa ce. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana kiran sa katin Shirley, da shi ake saita launin inji. Sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launi daban-daban. Ko a 2021 sai da Google ya fito da wani tsari na musamman a wayarsa Pixel 6 don fatar baƙaƙe ta fito daidai. Dawo wa mutum da launinsa na gaskiya gyara ne, kuma haƙƙinsa ne. Tun wajen ɗauka ki taɓa fuskar a gilashin waya ki ɗan ja hasken sama. Wajen gyara kuma ki yi amfani da maɓallin Selective a Snapseed, ki ɗaga hasken fuska da wuya da hannu tare, ki tsaya daidai inda ta yi kama da yadda kike ganin ta a inuwar bishiya da hantsi.

Na biyun shi ne a mayar da baƙa fara, kuma wannan ba ni da hanyar da zai yi kyau, ba na kuma son a samu. Lalle ne yake fara tona asiri, jansa ya koma ruwan lemo, baƙin ya koma toka. Gwiwar yatsu ta ƙi bin fuska. Robar da kike gani kuwa filta ce ta shafe ƙofofin gashin fata, alhali su ne suke sa fuska ta zama ta mai rai. Kawuna yana gyaran fuska da fensir mai tsini a jikin nagetif, ɗigo-ɗigo, yana sanye da gilashin ƙara girma. Ƙa'idarsa ita ce abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, kamar ƙurji ko maiƙon zufa, a cire. Abin da aka haifi mutum da shi a bar masa. Ita nake bi har yau.

Abin yana damuna ƙwarai, domin bilicin ɗin waya da na kwalba gida ɗaya suka fito. Yarinyar da ta saba ganin kanta fara a hoto, wata rana madubi zai fara ba ta haushi. In ƙawarki ta matsa, yi mata guda biyu, ɗaya da launinta wanda kika gyara wa haske da kyau, kika fito da ƙyallin gwal ɗinta da zanen lallenta, ɗaya kuma yadda ta nema. Ki nuna mata a babban allo, ba a waya ba. Na sha gwadawa, kuma da yawa na farkon suke ɗauka.

TAMBAYA: Malam, na shiga uku. Da damina ruwa ya cika layinmu, sai na ɗauki hoto na haɗa da kada yana iyo a ƙofar wani shago, na saka a Facebook don nishaɗi. Kafin gari ya waye hoton ya zaga WhatsApp ana cewa gaske ne, har wata mata ta hana 'ya'yanta zuwa Islamiyya. Laifina ne? Ni fa fasaha na yi. Daga wani matashi a Kaduna.

AMSA: Ɗan'uwa, na ga hoton. Aikin ya yi kyau, ka nutsar da rabin jikin kadan a ruwa, ka yi masa 'yar igiyar ruwa a gefe. Kyan nasa ne ya jawo maka. Kuma e, akwai rabonka a laifin, ko da ba ka yi niyya ba.

Ka tuna a watan Satumba na 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, hukumar gidan namun dajin garin da kanta ta gargaɗi jama'a cewa kadoji da macizai sun bi ruwa sun fita. Wanda ya ji wannan labarin, in ya ga kada a layi cikin ruwa, me zai hana shi yarda? Da raƙumi ka ɗora a kan gajimare ba wanda zai tsorata. Kai kuwa abin da zai iya faruwa ka haɗa, a unguwar da aka sani, a ranar da ake cikin fargaba.

Masu aikin jarida sun daɗe da shata wannan iyakar. A 1982 mujallar National Geographic ta gyara wani hoto, ta matso da dalar Giza ta ƙasar Masar kusa da 'yar'uwarta don hoton ya shiga bangon mujalla, har yau ana ambaton abin. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya rabu da wani mai ɗaukar masa hoto, Adnan Hajj, saboda ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut, kamfanin ya kuma janye hotunansa sama da 900. Mu masu yi don sha'awa muna da 'yancin da su ba su da shi, muna iya haɗa duk abin da muka ga dama, da sharaɗin mai kallo ya san haɗi ne.

Yanzu ka koma inda ka fara sakawa, ka ɗora na asali da na haɗin gefe da gefe, ka ce kai ka yi, ka ba da haƙuri. Ka tura wa zaurukan unguwarku. Matar nan in ka san gidansu ka je ka gaishe ta ka yi mata bayani. Nan gaba ka rubuta "hoton ƙirƙira" da sunanka a jikin hoton, a wurin da in aka yanke hoton zai lalace. Rubutun da ke ƙarƙashi ba ya bin hoto in an tura shi.

Tunda maganar ta zo, bari in ƙara da wadda ba ka tambaya ba. Fuskar wani, musamman ta mace, kada ka ɗora ta a jikin da ba nata ba ko a wurin da ba ta je ba, sai da izininta, ko da wasa ne tsakanin abokai. Labarin kada ana iya ƙaryata shi a kwana ɗaya. Hoton da ya taɓa mutuncin 'yar mutane yana iya bin ta har ɗakin aurenta.

TAMBAYA: Na yi ritaya daga koyarwa, jikana ya koya mini haɗa hotuna. Na shirya kalandar iyali mai hotunan jikoki, a waya ta yi kyau, amma da aka buga gwaji fuskokin sun yi dishi-dishi, koren kuma ya mutu. Daga wani dattijo a Damagaram.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ina kyautata zaton ta WhatsApp aka tura wa mai bugawa. In aka tura hoto yadda aka saba, WhatsApp yana matse shi ya rage masa girma don ya yi saurin tafiya. A tura shi a matsayin takarda, wato ta Document, ko a kai a filas ɗin kwamfuta. Hotunan jikokin ma a nemo na asali daga wayar da ta ɗauka, kada a yi aiki da wanda ya zaga hannu uku.

Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Takardar A4, mai santimita 21 da 29.7, tana buƙatar fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, 2480 da 3508. Jikan naka ya buɗe aikin a kan wannan girman tun farko, domin ƙarami in aka ja shi daga baya ba ya ƙara komai. A bar kamar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, rubutu kuma kada ya matsa baki.

Koren kuwa, gilashin waya haske yake fitarwa, takarda tawada take sha, kuma akwai kore da shuɗi masu ƙyalli da tawada ba ta iya kaiwa. Na taɓa kai wa wani mai bugu katin suna mai koren ganye shar, ya dawo mini da shi kamar kuka. A zaɓi kore mai ɗan duhu tun farko, a rage hasken wayar zuwa rabi lokacin aiki don kada ta ruɗi ido, a kuma ɗan ƙara wa fuskoki haske fiye da yadda ake so, domin takarda takan danne su. Sai a sake buga guda ɗaya a kan irin takardar da za a buga sauran, ka fita da ita waje ka duba a hasken rana kafin a biya kuɗin duka.